Girman kan da ya zama ciwo

Wata mata ta zo wurinmu likita sau uku cikin wata ɗaya, kullum da ciwon kai da rashin barci. Mun auna jini, mun yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, ba mu ga komai ba. A zuwa na uku na ce mata, "Hajiya, yaya gida?" Ta yi shiru, can ta ce, "Majo, shekara 14 ina zaune da shi, ban taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba. Ranar da na yi ɓari, abin da ya dame shi kawai baƙinsa ba su samu tuwo da wuri ba."

Ban san mijin nata ba, kuma ba zan laƙaba wa mutumin da ban gani ba sunan ciwo. Amma maganarta ce ta sa na ga ya kamata mu tattauna wata larura da ba a cika ambatarta ba a nan Maradi, duk da tana cinye gidaje a ɓoye. Likitocin ƙwaƙwalwa suna kiranta halin narsisik, daga sunan Narsis, wani saurayi a tatsuniyar Girkawa da ya ga fuskarsa a ruwa ya kasa tashi daga wurin har ya mutu. Da Hausa sai mu ce ciwon ɗaukaka kai.

Kada a haɗa shi da taƙamar da muka saba gani. Alhajin da Allah ya buɗa wa a babbar kasuwa, ya sa babbar riga, maroƙa suna masa kirari a wurin biki yana liƙi, wannan ba marar lafiya ba ne. In ya koma gida yana ɗaukar jikansa, in yaron shagonsa ya kwanta ciwo yana zuwa dubiya, in ya ɓata wa wani rai yana iya cewa "yi haƙuri". Mai ciwon nan kuwa, wannan kalma ce take masa nauyi kamar dutse.

Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa larurar a kundinta tun 1980. A kundin na yanzu alamomi 9 ta lissafa, kuma sai mutum ya tara aƙalla 5, sun zauna masa tun farkon girma, suna binsa gida da kasuwa da wurin aiki, kafin a ce yana da ita. Ga wasu daga cikinsu: yana ganin ya fi kowa ko da babu abin nunawa. Yana rayuwa cikin mafarkin mulki da dukiya marasa iyaka. Sai da manya yake ganin ya dace ya zauna. Layi ba nasa ba ne, doka ta wasu ce, "ka san ko ni wane ne?" ba ta barin bakinsa. Yana amfani da mutane, in ya gama ya yar. Ko yana hassada, ko yana zargin kowa na masa hassada. Wadda ta fi ciwo ga iyali kuma ita ce rashin jin zafin wani. Cikin waɗanda aka tabbatar suna da larurar, kashi 50 zuwa 75 cikin 100 maza ne, wato mata ma suna ciki.

Abin da mutane ba su gani shi ne abin da ke ƙarƙashin rigar. Wannan mutum ba ya da natsuwa da kansa ko kaɗan. Yabo a wurinsa kamar zuba ruwa a kwando ne, yanzu ka zuba yanzu ya tsiyaye, sai ya nemi wani. Shi ya sa gyara ɗan ƙanƙane, irin wanda ni da kai za mu ji mu wuce, shi yana jinsa kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa. Sai ya fashe da fushi, ko ya yi gaba da mutum wata da watanni. Akwai ma wanda ba ya hayaniya sam: shiru-shiru ne, mai saurin jin kunya, amma kullum cikinsa yana tafasa da cewa ba a san darajarsa ba.

Sanadin ba ɗaya ba ne. Akwai rabon gado, akwai na tarbiyya. Ɗan lelen da aka nuna wa ya fi ƴan uwansa, ba a taɓa ce masa "bari" ba, yana cikin haɗari. Haka ma yaron da ba ya ganin fara'ar iyaye sai ranar da ya zo na ɗaya a makaranta, sauran kwanaki zagi da gori. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne. Addu'a da nasihar malamai suna da muhallinsu, addini ma ya yi kakkausan gargaɗi a kan girman kai, amma kada a kwashe kuɗin cefane a kai wa boka.

Muna cewa hali zanen dutse, kuma akwai gaskiya a ciki, domin wannan ciwo ba ya tafiya cikin mako. Amma yana sassautowa. Tun 2022 sabon kundin Hukumar Lafiya ta Duniya ya koma auna irin waɗannan larurorin hali da nauyinsu, mai sauƙi, matsakaici ko mai tsanani, kuma mutum yana iya saukowa daga wani mataki zuwa wani. Babu ƙwayar da ke warkar da shi, duk mai tallar magani da ya ce yana da ita ƙarya yake. Maganin zama ne da masanin halayyar ɗan Adam ko likitan ƙwaƙwalwa, mako bayan mako, sau da yawa har shekaru. A zaman ne mutum yake koyon gane kunyar da ke tasowa kafin fushi, ya koyi jin gyara ba tare da ya ji an kashe shi ba, ya fara tambayar kansa yadda matarsa ta ji da abin da ya faɗa. Da yawa suna gudu a tsakiya, domin likitan ma sai su raina shi. Ƙwayoyi kuwa ana ba da su ne don abin da ke rakiyar ciwon, kamar baƙin ciki mai tsanani da fargaba.

Da wuya mai larurar ya kawo kansa. Yakan zo ne in ƙasa ta zame masa: karayar arziki, saukewa daga muƙami, ko mata ta tafi. Wasu a lokacin suke faɗawa tramol ko giya. Ina roƙon ƴan uwa, in irin wannan mutum ya faɗi ya fara cewa rayuwa ba ta da amfani, kada ku ce "ai fankamarsa ce". Ku kawo shi ranar, kada ku bar shi shi kaɗai. A fara daga likitar unguwa, mu za mu rubuta takardar turawa zuwa babban asibiti, in ta kama har Yamai. Ƙwararrun ba su da yawa a ƙasarmu, sai an daure da jira.

In za ku ja shi zuwa likita, kada ku ce masa "kana da ciwon girman kai", ƙofa za ta rufe. Ku kama ta inda yake jin zafi, rashin barci ko yawan ɓacin rai. Kada ku gyara masa a gaban jama'a. Ku kuma daina jifan duk wanda kuka saɓa da shi da wannan suna a Facebook, ba zagi ba ne.

Ku da kuke zaune da shi, ba ku kuka jawo ba, kuma ba ku za ku warkar da shi ba. Haƙuri ba ya nufin a hana ki zuwa gidanku, ko a doke ki, ko a mayar da ƴaƴa abin gori. In an kai nan, a sanar da waliyyai da magabata, in akwai duka a je hukuma.

Hajiyar nan mun ba ta abin da zai taimaka mata da barci na ɗan lokaci, mun nemi ta riƙa zuwa muna magana, ta kuma sanar da yayanta namiji halin da take ciki. A zuwanta na baya ta ce ta koma kai wa innarta ziyara ranar Juma'a, abin da ta yi shekara 3 ba ta yi ba. Mijin har yanzu bai taka likita ba.