Kafe ba shukar Turawa ba ce

A teburin mai shayi a nan Damagaram, an daɗe ana cewa kafe daga Turai ya fito. Ba abin mamaki ba ne, tun da a gwangwani mai rubutun Faransanci muka san shi.

Amma itacen gahawa, wato kafe, ɗan Afirka ne. Irin da ake kira arabika asalinsa tsaunukan Habasha, daga can ya tsallaka Yaman, inda aka fara shansa sosai a ƙarni na 15. Ko Brazil, wadda ta fi kowa nomansa yau, sai a 1727 ya isa can. Robusta kuwa, wanda ake nomawa a Kwaddibuwa, daga dazuzzukan Afirka ya fito. Sanyin Turai ba ya barin itacen ya rayu a gona. Turawa saye suke yi su soya su niƙa.

A ƙasashen da ake nomansa akwai tsofaffin gonaki masu karɓar baƙi, inda ake nuna wa mutum jajayen 'ya'yan, yawanci ƙwaya biyu a cikin kowanne. Itacen kan yi shekara 3 zuwa 4 kafin ya fara haihuwa.

Ku duba bayan fakiti, wasu sukan rubuta ƙasar da aka noma shi, ko ku tambayi 'yan'uwan da suka yi ci-rani a Kwaddibuwa.

Don Allah a tura wa sauran jama'a.