Waiwaye: 'Yan ci-ranin Filifins a fim, da yadda masu kallo suka karɓa

Duk wanda ya yi aikin Hajji ko ya taɓa kwanciya a asibitin Makka ko Jidda, da wuya bai haɗu da ma'aikaciyar jinya 'yar Filifins ba. Manyanmu ma suna tuna malaman Filifins da suka koyar da lissafi da kimiyya a sakandaren Arewa a shekarun 1970 da 1980. Wannan bazuwa tasu da gangan aka tsara ta. A 1974 gwamnatin Ferdinand Marcos ta fito da dokar ƙwadago wadda ta mai da tura ma'aikata waje manufar ƙasa, daidai lokacin da kuɗin mai ya buɗe kasuwar aiki a ƙasashen Larabawa. Yau ana ƙiyasta 'yan Filifins kusan miliyan 10 ne a waje, kuma abin da suke aikowa gida ya haura dala biliyan 30 a shekara. A 1988 Shugaba Corazon Aquino ta tsaya gaban 'yan aikatau a Hong Kong ta kira su sababbin jarumai, kirarin da ya bi su har yau.

Ƙasar da kusan kowane gida ke da wani a waje dole ta ba da labarin a fim. Sai dai wane labari, kuma wa zai biya ya kalla?

Abin ya fara zafi ne a watan Maris na 1995, sa'ad da Singafo ta rataye Flor Contemplacion, 'yar aikin gida da aka samu da laifin kisa, alhali yawancin 'yan ƙasarta sun gaskata zaluntarta aka yi. Jama'a suka cika tituna, ministoci biyu suka sauka, majalisa ta yi dokar kare ma'aikatan waje a shekarar. Cikin watanni fim ɗin rayuwarta ya fito, jarumar fim Nora Aunor ta fito a matsayinta, har ya ci babbar kyauta a bikin finafinai na Alƙahira. Daga nan manyan kamfanonin fim na Manila, babban birnin ƙasar, suka gane akwai kasuwa: uwa ta tafi raino a ƙasar wasu, ta dawo ta tarar 'ya'yanta ba su san ta ba, a yi kuka, a yafe wa juna. Anak na 2000 shi ne ya fi shahara a wannan layi. Ba na raina waɗannan finafinai, don hawayen da aka zubar a gabansu na gaske ne. Amma kullum suna ƙarewa da cewa sadaukarwar ta yi rana, ba sa tambayar me ya sa uwa za ta bar gida tun farko.

Masu shirya fim da ƙarfin kansu, waɗanda ba su da babban kamfani a bayansu, su ne suka shiga lungunan da aka tsallake. Matsalarsu ita ce yadda za su kai fim gaban mutanen da aka yi shi dominsu.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na Gene Cajayon a Amurka. Ya shafe shekaru wajen takwas yana haɗa The Debut, labarin saurayi ɗan asalin Filifins haifaffen can wanda ke jin kunyar gidansu, yana son karatun zane, mahaifinsa kuma ma'aikacin gidan waya ya ƙallafa rai sai ya zama likita. Masu rarraba finafinai suka ƙi ɗauka, suna ganin ba wanda zai kalla. Sai shi da abokan aikinsa suka ɗauki fim ɗin da kansu tun daga 2001, gari bayan gari, suna kama hayar gidan sinima, suna bin makarantu da coci-coci da ƙungiyoyin 'yan Filifins suna shela. Suka tara kusan dala miliyan 1.8. A ma'aunin Hollywood wannan ba komai ba ne, amma iyalai ne suka riƙa zuwa da kakanni da jikoki, don karo na farko ke nan da yawancinsu suka ga falonsu da abincinsu da faɗan da suke yi da iyayensu a babban allo. Waɗannan masu kallo ba tausayi suka je nema ba. Zuwa suka yi su ga an san da su.

A Filifins kuwa, bikin finafinai na Cinemalaya da aka fara a 2005 ya ba matasa ɗan jari da wurin nunawa. Nan ne Hannah Espia ta ci kyauta a 2013 da Transit, wanda ya bi masu kula da tsofaffi a Isra'ila suna ɓoye ƙananan 'ya'yansu a ɗaka don kada a kore su daga ƙasar. Yaran da Ibrananci suke magana, ba su san wata ƙasa ba. An tura fim ɗin gasar Oscar da sunan Filifins, masana suka yaba, amma masu kallonsa galibi ɗalibai ne da 'yan boko na Manila.

Shekarar 2016 ce ta fito da rabuwar kan a fili. Akwai bikin finafinai na Metro Manila da ke farawa ranar 25 ga Disamba, lokacin da gidajen sinima ke keɓe allunansu ga finafinan gida kuma iyalai ke da 'yan kuɗin kashewa. A wannan shekara masu tantancewa suka ajiye finafinan barkwancin da aka saba, suka zaɓi ƙanana, ciki har da Sunday Beauty Queen na Baby Ruth Villarama. Ba wasan kwaikwayo ba ne, 'yan aikatau ne na gaske a Hong Kong, inda doka ta tilasta musu kwana a gidan uwar ɗaki, kuma idan aka sallame su mako biyu kacal gare su su bar garin. Lahadi ce kaɗai ranarsu. Wasu su shimfiɗa kwali a bakin titunan tsakiyar birni su yi hira, wasu su sa doguwar riga da takalmi mai tsini su shiga gasar kyau don tara kuɗin taimakon 'yan'uwansu. Fim ɗin ya nuna wadda ta makara komawa gida a daren gasa, aka kore ta daga aiki nan take, da wadda ke kula da wani tsoho tamkar mahaifinta. Shi ya ci kyautar fim mafi kyau, karo na farko da fim ɗin rayuwar gaske ya yi haka a bikin. Waɗanda suka kalla suka dinga roƙo a Facebook da Twitter kada gidajen sinima su sauke ƙananan finafinan. Amma cinikin bikin ya faɗi warwas, masu gidajen kallo suka koka, Sanata Tito Sotto ya nemi a ware wa irin waɗannan finafinai nasu bikin daban, kuma a 2017 aka dawo da manyan taurari.

Akwai masu cewa wannan ya nuna talaka ba ya son gaskiya. Ban yarda ba. Macen da ke da rana ɗaya a mako, ko iyalin da ke jiran kwalin tsaraba daga Dubai, idan sun sayi tikiti sau ɗaya a shekara, ba laifi ba ne su zaɓi fuskar da suka sani da labarin da zai sanyaya musu rai. Ƙaramin fim kuma sau da yawa ba ya kwana uku a allo, balle labarinsa ya kai ƙauye.

Abin lura shi ne manyan kamfanoni sun koyi darasi daga ƙananan. Hello, Love, Goodbye na 2019 ya sa jarumarsa tana wanke-wanke a Hong Kong, tana aikin ɓoye a mashaya tana gudun 'yan sanda, kuma a ƙarshe ta zaɓi tafiya Kanada don kanta maimakon ta zauna saboda soyayya. Ya zama fim ɗin Filifins mafi ciniki a lokacinsa. Ci gabansa, wanda aka ɗauka a birnin Calgary na Kanada ya fito a 2024, ya haura feso biliyan 1 na kuɗin Filifins, kuma 'yan ci-rani ne suka cika gidajen kallo a Amurka da Kanada da ƙasashen Larabawa. Finafinan Cinemalaya kuwa har yanzu kwana goma ko makamancin haka suke samu a shekara, sai wanda mai shi ya ɗauka ya bi jami'o'i da ƙungiyoyin ma'aikata da shi, kamar yadda Cajayon ya yi.