Maganin da ake sha bayan cire maƙoƙo ba shi ke kawo ƙiba ba

Wannan maganar ta daɗe tana yawo a gidajen biki da suna daga Kawo har Tudun Wada, wai ƙwayar da ake ba wanda aka yi wa tiyatar maƙoƙo ita ke sa mutum ya yi ƙiba, har wasu mata su ajiye maganin. Wallahi a juye abin yake.

Tayroid ɗin da aka cire, wato sashen wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo, shi ke fitar da sinadarin da ke sarrafa yadda jiki ke ƙona abinci, ita kuma ƙwayar, lebotairoksin, madadin wannan sinadarin ce kawai. In ta yi kaɗan a jini sai jiki ya yi sanyi, kasala, ruwa da gishiri su taru, kilo 2 zuwa 5 haka su hau. Wanda aikin tayroid ɗinsa ya yi yawa kafin tiyata kuma dama ciwon ne ya ramar da shi, jikinsa ne ke dawowa.

Inda ake tafka kuskure wajen shan ne. Da ruwa zalla ake sha, ciki ba komai, a jira minti 30 zuwa 60 kafin koko ko shayi, maganin ƙarin jini da na kalsiyam kuwa sai bayan awa 4, awara ma tana rage shigarsa jini. Kar ki ƙara yawan maganin da kanki don ki rame, bugun zuciya zai tashi ƙashi ya yi rauni. Gwajin jini na TSH, mai nuna ko maganin ya yi daidai, sati 6 zuwa 8 bayan canza yawan maganin, shi likita zai duba ya gyara.