Finafinan da ka fi so da abin da ranka ke nema: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaitawa

Tambayoyin nan su ne ba sa ƙarewa duk lokacin da aka ɗauko batun amfani da fim don mutum ya gane muradin zuciyarsa. Ga su wuri guda. Wanda ya sake kawo ɗaya daga cikinsu, nan za a turo shi.

Wai da gaske fim zai gaya mini ko ni wane ne?

A'a. Fim ba boka ba ne, wanda ya shirya shi ma bai san da zamanka ba. Abin da ake dubawa shi ne wurin da kai kake tsayawa a cikinsa. Mutum goma za su kalli fim ɗaya a falo ɗaya, kowa ya tashi da wurin da ya taɓa shi daban. Wannan bambancin shi ne kayan aikin. A 1935 wasu masana halayyar ɗan'adam a Amurka, Henry Murray da Christiana Morgan, suka fito da wani gwaji: a nuna wa mutum hoto marar bayani, a ce ya ba da labarin abin da ke faruwa. Abin da ya cusa a labarin daga cikinsa yake fitowa. Har gobe masana na gardama kan ingancin wannan gwajin, don haka kai ma kada ka ɗauki naka na gida kamar takardar asibiti.

Fim nawa zan zaɓa?

Biyar. Kowanne ya zama wanda ka riga ka kalla aƙalla sau uku, kuma da ganin damarka.

Na rubuta biyar ɗin, duk na tarihi ne da na faɗakarwa. Ya yi?

Surukinka za ka kai wa takardar? Ɗan'uwa, ba finafinan da kake son a ce kana so aka tambaye ka ba. Ranar da wayarka ta ce wuri ya cika, wane fim ne ka goge hotunan biki ka bar shi? Wane ne idan ka tarar ana yi a gidan mutane sai ka fasa sallama ka nemi gefen kujera? Su za ka rubuta, ko da kuwa na rawa da waƙa ne. Nan mafi yawan mutane ke lalata aikin tun kafin su fara.

To yaya ake yi, dalla-dalla?

Takarda da biro, ba waya ba, domin waya za ta ja ka ka koma kallo. Ware minti arba'in kai kaɗai. Ƙarƙashin kowane fim ka ja layi huɗu.

Layin farko, fitowa guda ɗaya tak, wadda kake tariyowa. Kada ka ba da labarin fim ɗin, jimla biyu sun isa. Layi na biyu, a jikin wa kake a lokacin? Ba dole ne ya zama jarumin ba. Zai iya zama uwar, ko direban gidan, ko yarinyar da ke laɓe a bayan labule. Layi na uku shi ne mai wuya: me wannan mutumin ya samu a daidai lokacin, wanda minti biyar da suka wuce ba shi da shi? Layi na huɗu, me jikinka ke yi: tsigar jiki na tashi, maƙogwaro na ɗaurewa, ƙwalla, dariya, ko ka miƙe tsaye.

Daga ka za ka fara rubutawa, ba tare da ka koma fim ɗin ba. Bayan ka gama sai ka kalli fitowar kaɗai. Sau da yawa za ka tarar ka ƙara wata magana da ba a faɗa ba, ko ka tsawaita abin da bai wuce daƙiƙa goma ba. Kada ka gyara, ka ja masa layi, domin wannan ƙarin naka ne.

Sannan ka taƙaita layi na uku zuwa kalmomi uku ko huɗu: "an yarda da shi", "ta ce a'a", "an ba shi haƙuri", "ya kama hanyarsa". Wanda ya fito sau uku cikin biyar shi za ka riƙe. Sau biyu bai isa ba.

Misali. A ce yaron shagon ɗinki ne a Kasuwar Barci ta Kaduna, duk finafinansa na faɗa ne, shi a tunaninsa ƙarfi yake so. Da ya zauna rubutu sai ya ga ba dukan yake tariyowa ba. Bayan an gama faɗan ne, inda tsohon da ya daɗe yana raina jarumin ya miƙe daga kujera ya dafa masa kafaɗa. Fim uku, abu ɗaya. Wannan yaron ba dambe zai je koyo ba. Shekara huɗu yana kan keke maigidansa bai taɓa ɗaga rigar da ya ɗinka ya ce ta yi kyau ba, ga inda maganar take.

Ni bos nake so a kowane fim. Mugu ne ni?

Ba mugu ba ne kai, ka daina tsorata kanka. A yawancin finafinai bos ne kaɗai ba ya neman izinin kowa, kuma in ya shigo ana yin shiru. Duba layinka na uku. Idan abin da ya samu shi ne "an saurare shi", to ka san inda ke maka ƙaiƙayi. Idan kuwa wahalar wanda ake zalunta ce ke maka daɗi, kuma kana ganin alamar haka a mu'amalarka da na ƙasa da kai, wannan wata magana ce, ka nemi wanda za ka zauna da shi.

Fassarar Indiya ta shiga lissafi?

Ta shiga, amma ka rarrabe. Mai fassara yana zuba nasa barkwancin da habaicin da babu su a asalin fim ɗin. In bakinsa ne ke burge ka, ka rubuta hakan, kada ka jingina wa jarumin.

Mai dogon zango fa?

Zaɓi fitowa ɗaya daga ciki kamar sauran. Sai dai ɗokin da kake ji na jiran sati mai zuwa ba muradin zuciya ba ne. Da gangan ake yanke shirin a inda zai riƙe ka. Kowa haka yake ji.

Malam, ni matar aure ce a Rigasa, 'ya'yana uku. Huɗu cikin finafinai biyar ɗin da na rubuta, wurin da nake tariyowa shi ne inda matar ta haɗa kayanta ta fita daga gidan. Hankalina ya tashi. Auren ne ba na so?

Baiwar Allah, kwantar da hankalinki tukuna. Zai iya yiwuwa, amma ba shi ne na farko da za a zarga ba, kuma takarda ɗaya ba ta isa a yanke wannan hukunci ba.

Fara da wannan: finafinan Hausa tun farkonsu a wajen 1990 cike suke da aure, kishiya, auren dole da yaji, na Indiya da aka daɗe ana kallo a Arewa tun shekarun 1960 su ma ba su rabu da rikicin gida ba. Idan kasuwa abu ɗaya take kawowa, ba abin mamaki ba ne a same shi a kwandonki. Don haka ki duba ko wurin yana jan ki har a finafinan da ba na aure ba, misali inda ma'aikaciya ta ajiye aiki, ko ɗaliba ta bar gari. In haka ne, fitar ce ke jan ki, ba lallai mijin ba.

Sai ki koma fitowar ki gano daidai daƙiƙar da jikinki ke amsawa, domin "ta fita" abu huɗu ne ko biyar a dunƙule. Wata, abin da ke taɓa ta shi ne maganar da matar ta yi a bakin ƙofa kafin ta ɗauki akwati, ta faɗi abin da ta shekara tana haɗiyewa, kowa ya yi tsit. Wannan ba tafiya take so ba, a ji ta take so. Wata kuma sai bayan matar ta tafi, inda aka nuno mijin zaune a falo, ga kwanuka ba a wanke ba, ga yaro na kuka, ya rasa inda ake ajiye gishiri. Wannan so take a san darajar aikinta. Wata inda matar ta nufa ne ke jan ta: ta koma makaranta, ta buɗe shago, ta riƙe kuɗinta a hannunta. Wata kuwa ba komai ba ne sai shirun nan na cikin mota, mace zaune ba mai kiran sunanta. Matar da ke tashi kafin asuba ta ɗora tukunya, ta shirya yara boko, su dawo ta shirya su Islamiyya, ba ta kwanta ba sai goma ta wuce, in ta so wannan shirun gajiya ce, ba ƙiyayya ba.

Akwai kuma yiwuwar labarin ba naki ba ne. Idan kin tashi kina kallon mahaifiyarki ko yayarki tana shan wuya ba ta iya fita ba, kina iya shekara ashirin kina fitar da ita a fim.

In kin gano wanne ne, ki gwada shi a ƙaramin sikeli na wata ɗaya. Idan a ji ki ne, zaɓi magana ɗaya, ba goma ba, ki gaya wa maigidan a lokacin da ba faɗa ake yi ba. Idan abin kanki ne, ki nemi awa biyu a sati na koyon sana'a ko karatu. Idan hutu ne, yini ɗaya a gida wajen su Mama ba tare da yara ba. Bayan watan ki sake kallon fitowar. In ta rage ƙarfi, kin taɓa wurin. In tana nan yadda take, ko dai ba ki gano daidai ba, ko abin ya fi haka zurfi, kuma a nan zama da babba mai hankali da riƙon sirri ya fi fim amfani.

Kada ki yi wannan lissafin cikin jego, ko washegarin faɗa, ko satin da aka gaya miki za a yi miki kishiya. A irin wannan lokaci kowane fim fita zai ce miki. Kada kuma ki ɗauki hoton takardar ki tura wa ƙawaye a WhatsApp, za su yanke miki hukunci kafin la'asar.

Abu ɗaya ne ba ya bukatar wannan dogon bincike. Idan akwai duka, ko barazana, ko hana abinci da magani, ba sai fim ya gaya miki ba. Ki sanar da waliyyinki da iyayenki yau, in da rauni ki je asibiti.

Nawa duk gidaje ne da motoci. Kuɗi nake so ke nan?

Wa ba ya so? Wannan ba ganowa ba ce. Tambayar ita ce me ake yi da kuɗin a fitowar. Wani yana tsayawa ne inda aka kai uwa sabon gida aka miƙa mata makulli, wani inda aka faka mota a ƙofar gidan da aka taɓa hana shi aure. Motar ɗaya ce, amma na farko bashin uwa ke cin sa, na biyu wulaƙancin da bai huce ba. Koma layi na uku.

Duk finafinaina na lokacin da nake sakandare ne.

Haka kowa yake. Binciken ƙwaƙwalwa ya daɗe da nuna cewa abin da mutum ya gani tsakanin shekara 10 zuwa 30 ya fi zama masa a rai. Wataƙila ba fim ɗin kake kewa ba, tsakar gidan kake kewa, da tabarma, da 'yan'uwan da yanzu kowa ya watse. Rubuta wannan ma, sannan ka sa aƙalla guda biyu da ka fara gani cikin shekara biyar ɗin nan.

Akwai fitowar da in na gani sai jikina ya ɗauki rawa, in kasa barci. In ci gaba da kallonta har in saba?

Kada ka yi. Wannan ba muradi ba ne, miki ne. A Kaduna mutane da yawa sun ga abin da ido bai kamata ya gani ba, a rikici ko a hanya. Idan fitowar na dawo maka da wani abu da ya faru, da mugun mafarki, da faɗuwar gaba, har ya wuce wata guda yana hana ka harkokinka, ka je Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa. Ba sai wanda ya yi tsirara a titi ake kaiwa can ba, ku daina wannan maganar.

Zan iya yi wa wanda zan aura, in gane halinsa?

A'a. Sunan fim kawai za ka samu, kuma sunan ba ya gaya maka komai. In ya ga dama ya yi da kansa ya ba ka labari.

Kallon fim ɗin ma ya halatta?

Tambayi malaminku.

Na yi duka, ba abin da ya fito sau uku.

Mafi yawanci labarin fim ɗin ka rubuta a maimakon fitowa ɗaya, ko ka cika layi na uku da irin su "farin ciki" da "nasara", waɗanda ba sa nuna komai. Ajiye takardar sati biyu, ka sauya fim biyu daga ciki, ka sake yi.