Tuƙa kayak da ƙyallen iska a gaɓar teku

Kayak ƙaramin kwale-kwale ne siriri, rufaffe ta sama, wanda matuƙinsa ke zama cikin wani rami a tsakiyarsa, ƙafafunsa miƙe a gaba, yana tuƙi da filafili mai baki biyu. Wasu matuƙa sukan kafa masa gajeriyar sanda su ɗaura mata ƙyalle, domin iska ta riƙa tura jirgin hannu ya huta. Wannan tuƙi ya sha bamban da na manyan jiragen ƙyalle, domin kayak ba shi da ƙarfe mai nauyi a gindinsa da zai hana shi karkata, jikin matuƙin ne kaɗai ke daidaita shi. Saboda haka abin da ya fi kifar da shi a kusa da gaɓa shi ne bugun iska na farat ɗaya, wanda duwatsu da kwaruruka da tsibirai ke haddasawa, ko da kuwa ƙarfin iskar ranar bai kai a ji tsoro ba.

Asali

Mutanen Inuwit na Girinlan da arewacin Kanada da Alaska, da kuma mutanen tsibiran Aliyut, su ne suka ƙirƙiri kayak, suna ɗinka fatar dabbobin teku a kan firam na itace domin farauta. A al'adarsu filafili ne abin tuƙin kayak, ƙyallen iska kuwa a kan umiyak aka fi saninsa, wato babban jirginsu buɗaɗɗe mai ɗaukar iyali da kaya. Farin ƙyallen da ake gani a gaban kayak ɗin mafarautan Girinlan a tsofaffin hotuna ba na kama iska ba ne, labule ne da mafarauci ke ɓuya a bayansa don dabba ta ɗauka ƙanƙara ce ke yawo.

Turawa ne suka mayar da haɗa kayak da ƙyalle abin yi. A 1865 wani lauya ɗan asalin Sikotilan, John MacGregor, ya sa aka ƙera masa jirgin katako mai tsawon mita 4.6 da ya kira Rob Roy, mai filafili da ƙaramin ƙyalle, ya zaga koguna da tafkunan Turai da shi, a 1866 kuma ya kafa ƙungiyar da ta zama Royal Canoe Club a Ingila. A 1907 wani tela mai suna Johann Klepper ya fara sayar da kayak mai naɗewa a garin Rosenheim na Jamus, wanda ake harhaɗa firam ɗinsa a lulluɓe shi da fatar roba da tamfol. Da irin wannan jirgi Franz Romer ya tsallaka Tekun Atalantika a 1928, inda ya yi kwana 58 daga tsibiran Kanari zuwa tsibirin Sen Tomas na yankin Karibiyan, amma da ya tashi daga Fotoriko ya nufi Amurka a watan Satumba na shekarar sai guguwa ta rutsa da shi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Likitan Jamus Hannes Lindemann, wanda ya taɓa aiki a Laberiya, ya bar Las Falmas ta tsibiran Kanari a watan Oktoba na 1956 ya isa tsibirin Sen Matin na yankin Karibiyan bayan kwana 72, jirginsa ya kife sau biyu a hanya, duk da tubin tayar mota da ya ɗaura a gefe don ya tallafe shi. Oskar Speck kuwa ya tashi daga garin Ulm na Jamus a 1932 yana bin gaɓa bayan gaɓa, bai isa yankin Ostareliya ba sai a watan Satumba na 1939, aka kuwa tsare shi domin Yaƙin Duniya na Biyu ya riga ya ɓarke.

Jirgin da ƙyallensa

Kayak na teku mai ɗaukar mutum ɗaya yakan kai mita biyar a tsawo, faɗinsa kuma bai cika wuce santimita 60 ba. Ƙyallen da ake sa wa irin wannan jirgi ƙarami ne ƙwarai, yawanci kusan murabba'in mita ɗaya, kuma ana kafa sandarsa can gaba kusa da hanci, inda ba zai tare wa filafili hanya ba. Gindin sandar yana da gaɓa mai lanƙwasa, ta yadda matuƙi zai ja igiya ɗaya sandar ta miƙe, ya sake ta ta kwanta a bayan jirgin ba tare da ya bar mazauninsa ba. Matuƙan tsibirin Tasmaniya, inda iskar yamma ba ta cika hutawa ba, suna cikin waɗanda suka yi suna da wannan tsari.

Akwai kuma kayak mai fiffike biyu masu yawo a kan ruwa, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kamar samfurin Adventure Island na kamfanin Hobie. Shi yana ɗaukar ƙyalle da ya ninka na farko sau da yawa, yana da allo da ake saukarwa cikin ruwa don kada iska ta share shi gefe, ana kuma rage ƙyallensa ta hanyar nannaɗe shi a jikin sanda. Kifewarsa ba ta da sauƙi, amma idan ya kife, mayar da shi daidai ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Halin iskar gaɓa

Ma'aunin da matuƙa ke amfani da shi shi ne na Beaufort, wanda hafsan sojan ruwan Birtaniya Francis Beaufort ya tsara a 1805. A mataki na 4 iska tana gudun kilomita 20 zuwa 28 a awa, kuma farin kumfa ya fara yawa a kan raƙuman ruwa. A mataki na 5 tana kai 29 zuwa 38. A mataki na 6 kuwa 39 zuwa 49. Ga kayak marar fiffike, mataki na 4 ya ishi mai matsakaicin ƙwarewa, na 5 aikin gwanaye ne, na 6 kuma lokacin sauke ƙyalle ne ga kusan kowa.

Sai dai adadin da ake faɗi a hasashen yanayi matsakaici ne, wanda aka auna cikin wasu mintuna. Hukumar hasashen yanayi ta Ostareliya tana gargaɗin matuƙa cewa bugun iska na iya wuce wannan matsakaici da kashi 40 cikin ɗari. Abin da ya sa wannan ke da nauyi shi ne, ƙarfin da iska ke danna ƙyalle da shi yana ƙaruwa ne da ninkin gudunta sau kansa: idan gudun ya ninku biyu, danniyar ta ninku huɗu. Ƙarin kashi 40 a gudu yana nufin danniya ta kusan ninkuwa biyu, cikin daƙiƙa biyu ko uku, a kan jirgin da faɗinsa bai cika wuce santimita 60 ba. Halin da matuƙi ke shiga a nan ya yi kama da na mai ɗauke da fallen kwanon rufi a kan keke ranar da hadari ya taso.

A tsakiyar teku iska tana tafiya kusan bai ɗaya domin ba abin da ke tare ta. Ƙasa ce ke dagula ta. Idan ta tarar da tsinin ƙasa da ya kutsa cikin ruwa sai ta matsu ta ƙara gudu wajen kewaya shi, haka ma idan ta ratsa tsakanin tsibirai biyu ko ta fito daga bakin kwari. A ƙarƙashin dogon dutse mai tsaye, inda mutum zai zaci mafaka ce, iskar da ta tsallako ta sama takan faɗo ƙasa tana juyawa, wani lokaci ma ta bugo daga wajen da ba a zata ba, shi ya sa ƙwararru suke sauke ƙyalle kafin su shiga inuwar dutse. Akwai kuma iskar rana, wadda ke tasowa daga teku idan ƙasa ta yi zafi iskar samanta ta tashi, ta fi ƙarfi daga azahar zuwa la'asar. A gaɓar birnin Pas na yammacin Ostareliya irin wannan iska kusan kullum take zuwa a lokacin zafi, kuma wanda ya fita da safe kan ruwa lafiyayye yakan dawo cikin wani teku dabam.

Wasu gaɓoɓi suna da iskokin da aka san su da suna saboda ɓarnarsu. Mistiral tana gangarowa ta kwarin kogin Ron a kudancin Faransa ta faɗa Bahar Rum. Bora tana zubowa daga duwatsun gaɓar Kuroshiya da Tiriyeste, iska ce mai sanyi da nauyi wadda ke zuwa bugu-bugu. Meltemi tana kaɗawa daga arewa a Tekun Ijiyan da ke tsakanin Girka da Turkiyya lokacin zafi, sararin sama tangaran ba ko gajimare, ta kuma fi tsanani a bayan tsibirai masu tsawo. A mashigan ruwan Patagoniya, can ƙarshen Amurka ta Kudu, da tsibiran Aliyut akwai wiliwo, wadda ke faɗowa daga kan dutse ba sallama. A gaɓar Afirka ta Yamma kuwa, daga Legas zuwa Akara, abin tsoro shi ne hadarin farkon damina da na ƙarshenta, wanda ke tasowa daga gabas da iska mai ƙarfi a gabansa kafin ruwa ya sauka.

Mafi yaudara duka ita ce iskar da ke kaɗawa daga ƙasa zuwa teku. Mai tsaye a bakin gaɓa zai ga ruwa a kwance, domin iskar ba ta sami tazarar da za ta tayar da raƙuman ruwa ba, kuma tudu ya kare shi daga ƙarfinta. Da ya ɗaga ƙyalle sai tafiya ta yi daɗi, kowace daƙiƙa tana nisanta shi da ƙasa, ruwa na ƙara tashi, komawa kuma sai da filafili, alhali matsakaicin matuƙi ba ya cika wuce kilomita biyar zuwa shida a awa a ruwa lafiyayye, kuma gaba da iskar mataki na 5 da ƙyar yake motsawa. Irin wannan iska tana cikin abubuwan da suka jawo hatsarin Lyme Bay a kudancin Ingila ranar 22 ga Maris 1993, inda ɗalibai huɗu suka rasu bayan an share kayak ɗinsu zuwa cikin teku, ko da yake su ba su da ƙyalle. Bayan wannan ne Birtaniya ta kafa dokar 1995 da ta wajabta lasisi ga cibiyoyin da ke fita da yara irin waɗannan wasanni.

Wuri na ƙarshe da ake kiyayewa shi ne inda iska ta yi karo da gudun ruwan cika ko janyewar teku. A nan raƙuman ruwa suna gajarta su miƙe tsaye, kuma mashigar da aka wuce lami lafiya da hantsi tana iya gagara bayan ruwa ya juya.

Yadda ake tuƙi

Bugun iska yana da alama. Kafin ya iso, fuskar ruwa takan yi duhu ta yamutse a wajen da yake tahowa, saboda haka matuƙi yana yawan duban inda iska ke fitowa, ba gabansa kaɗai ba. Da ya ga duhun ya matso sai ya sassauta igiyar ƙyalle don iska ta zube, ya karkata jikinsa wajenta, ya kuma shimfiɗa bayan filafili a kan ruwa ya dogara da shi. Muddin jirgin na gudu, filafilin da aka shimfiɗa yana ba da tallafi mai ƙarfi, abin da ya sa kayak mai tafiya ya fi wanda ke tsaye kwanciyar hankali. Akwai tarko a nan da sababbi ke yawan faɗawa: bugun iska yana ɗaukewa farat ɗaya kamar yadda ya zo, sai wanda ya jingina da yawa ya kife ta wajen da iskar ke fitowa. Igiyar ƙyalle ba a ƙulle ta. Ana maƙala ta ne a wani maƙali da fizga ɗaya ke sakinta, domin hannu biyu suna kan filafili.

Tafiya da iska a baya ta fi sauri, ta kuma fi ɓoye haɗari, tunda jirgin yana gudu tare da iskar, matuƙi ba ya jin ainihin ƙarfinta a fuskarsa. Idan raƙumin ruwa ya ɗaga gindin jirgin, hanci ya nutse, sai jirgin ya juya gefe da ƙarfi ya ba ruwa da iska haƙarƙarinsa a lokaci guda, kuma wannan yana cikin hanyoyin kifewa mafi yawa. Maganinsa shi ne gyara akala tun kafin juyawar ta yi nisa, da faifan akala da ake takawa da ƙafa, ko da filafili a matsayin sitiyari ta baya, domin faifan yakan fita daga ruwa daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Haɗari na biyu shi ne iska ta zagayo bayan ƙyalle ta wurga shi ɗaya gefen ba shiri, don haka ake gwammace a ɗan karkata daga layin iska maimakon a sa ta daidai ƙeya. Gaba da iska kuwa kayak marar allo ba ya taɓuka abin kirki da ƙyalle kaɗai, sai dai a haɗa da filafili.

Sauke ƙyalle yana bukatar hannu ɗaya ya bar filafili, jirgin kuma ya rage gudu, wato ya rasa tallafinsa duka biyu. Wannan ne ya sa ake sauke shi tun iska ba ta gagara ba, a juya hanci wajenta ko a saki igiya gaba ɗaya, a kwantar da sanda a ɗaure ta da roba.

Kifewa da kayan tsira

Matuƙan kayak suna da dabarar juyo da jirgi ba tare da sun fita ba, wadda aka gada daga mafarautan Girinlan, amma ƙyalle a cikin ruwa yana riƙe jirgin, sai an saki igiyoyinsa tukuna. Wanda ya fito daga rami kuwa dole ya riƙe jirgin, domin iska tana tura kayak marar kowa da saurin da ya fi na mai iyo. Igiyoyin da ke yawo suna iya naɗe hannu ko ƙafa, shi ya sa ake maƙala wuƙa a jikin rigar ceto. Ruwa yana zuƙe zafin jiki kusan sau 25 fiye da iska mai sanyi iri ɗaya, kuma a ruwan da bai kai digiri 15 ba numfashi yakan ƙwace wa mutum a mintunan farko, don haka ake zaɓen tufafi bisa sanyin ruwa, ba bisa zafin rana ba. Sauran kayan da ba a barinsu su ne famfon kwashe ruwa, da filafili na biyu, da na'urar aika alamar neman agaji ta tauraron ɗan Adam, da rediyon hannu na jiragen ruwa, wanda tasharsa ta 16 ita ce ta kiran gaggawa a duk duniya. Rediyon da na'urar ana ajiye su ne a aljihun rigar ceto, ba cikin jirgi ba, saboda jirgin ne abin da ake fara rabuwa da shi.