Firam ɗin ɗinkin bargo na gwanjo

Firam ɗin ɗinkin bargo dogon teburi ne mai sanduna da kwangiri, wanda ake ɗora keken ɗinki a kansa domin a haɗe yadi biyu da audugar da aka shimfiɗa a tsakaninsu. A ɗinkin yau da kullum keke na zaune wuri ɗaya, tela ke tura yadi. A nan yadin ne ake ɗaurewa a miƙe, keken kuma ya riƙa yawo a kansa. Manyan kamfanonin da ke ƙera shi suna Amurka, shi ya sa mai neman na amfani a gida a Kumasi, ƙasar Gana, yakan duba cikin kayan gwanjon da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema.

Asali

Hausawa sun daɗe da sanin irin wannan ɗinki, tun kafin zuwan keke. Lifidi, wato rigar kariya da ake sa wa doki da mahayinsa, haka ake yin sa: yadi sama, yadi ƙasa, a cusa auduga ko audugar rimi a tsakiya, a bi da allura layi-layi don kada cikon ya taru gefe guda. Tarihin Kano ya danganta shigowarsa da Sarki Kanajeji, wanda ake jin ya yi sarauta wajen 1390 zuwa 1410. Har gobe 'yan lifida na fitowa a hawan sallah. Aiki ne mai cin lokaci ƙwarai, kuma ya cancanci a riƙa ambatonsa duk sa'ad da ake maganar ɗinkin bargo, domin dabarar ɗaya ce.

Isaac Singer, Ba'amurke mai ƙera keken ɗinki, ya yi wa kekensa rajista a 1851. Ana cewa a wajajen 1870 aka fara haɗa keke da firam a Amurka. Kusan 1980 Ken Gammill ya fito da keke mai dogon hannu da aka yi musamman don wannan aiki, daga baya kamfanoni irin su Grace da Handi Quilter, dukansu a jihar Utah, suka yi fice da ƙananan da za su shiga ɗaki.

Sassa

Akwai sanduna uku ko huɗu na naɗe yadi, da kwangirin da ke bin tsawon teburin, da wani faifai mai tayoyi da keken ke zama a kai. Tsawon manyan yakan kai ƙafa 10 zuwa 12.

Abin da ake dubawa wajen saye

Tsawon nan shi ne matsala ta farko. A gidajen haya na unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi, inda iyali kan zauna a ɗaki ɗaya ko ciki da falo, ƙafa 10 ta cinye bango guda, ga kuma wurin tsayuwar mai ɗinki. Sai a auna ɗaki kafin a taya.

Daga nan sai kwangiri da tayoyi. Idan kwangiri ya lanƙwashe ko ya tsage, keken zai riƙa tuntuɓe, kowane tuntuɓe kuwa sai ya fito a jikin ɗinki. Don haka ake so mai saye ya sa a haɗa firam ɗin a gabansa, ya tura faifan da yatsa ɗaya daga wannan kai zuwa wancan. Kayan gwanjo sukan iso a wargaje, noti da maƙalai sun zube a hanya. Mai walda zai iya ƙera sanda ko ƙafa, amma tayoyin faifai da wuya a sami madadinsu. Firam na ƙarfe a duba tsatsa, na katako a duba gara da kumburin damina.

Keken ma abin lura ne. A keken gida tazarar allura da jikin keke ba ta cika wuce inci 6 zuwa 9 ba, kuma bargon da aka gama ɗinkewa a cikin wannan tazara yake naɗuwa, filin aiki na ta raguwa. Mai dogon hannu yakan ba da inci 18 ko fiye. Keken ƙafa irin Butterfly, wanda ya cika shagunan teloli, ba ya hawa firam, dole sai mai motar lantarki. Wutar Amurka bolt 120 ce, ta Gana 230, saboda haka keken da ya zo daga can yana bukatar taransifoma, in ba haka ba motar ta ƙone.



Amfani

Zafin Kumasi bai bar wa bargo mai kauri kasuwa sosai ba, sai ɗan lokacin hunturu. Firam ɗin ya fi dacewa da ɗinkin shimfiɗar gado, da bargon jarirai, da sallaya mai laushi, da haɗa ƙyallayen atamfa da ke saura a shagon tela.