Sayen sashe a gidan bene: aibin da ido ke gani, doka ba ta biyan sa

Maganganu biyu ke yawo a Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, kan sayen sashe a gidan bene. Wasu na cewa wanda ya sayi hawa na biyu iska ya saya, tunda ƙasar ba tasa ba ce. Wasu kuma cewa suke ka saya kawai, in aibi ya fito kotu za ta mayar maka da kuɗinka. Duka ba haka ba ne, ta biyun kuwa ita ke jefa mutane cikin asara.

Ta farko ba ta da wuyar warwarewa. Dokar mallakar haɗin gwiwa ta 21 ga Disamba 2010 ta ce sashenka naka ne kai kaɗai, amma fili, harsashi, matakala da rufi na kowa ne, kana da kaso a ciki. Mai gida da mai shago duk ɗaya. Kason nan da nauyinsa yake zuwa: in rufi ya yi yoyo za ka sa hannu a aljihu ko da a ƙasa kake zaune.

Ta biyun ce ke buƙatar natsuwa. Sashe na 1641 na kundin dokar farar hula ya ɗora wa mai sayarwa alhakin aibin ɓoye, wanda ke hana a yi amfani da abin yadda ya kamata. Mutane nan suke tsayawa, ba sa karanta na 1642, wanda ya ce aibin da yake a bayyane, wanda mai saye zai iya ganewa da kansa, ba ruwan mai sayarwa. Tsagewar bangon matakala, tabon ruwa a silin, ƙofar da ba ta rufuwa don ginin ya zauna: in ka wuce su ka sa hannu, sun zama naka. Aibin ɓoyen ma, sashe na 1648 ya ce a kai ƙara cikin ɗan lokaci, ba tare da ya faɗi adadin kwanaki ba, alƙali ne zai auna. A ganina wannan ya yi wa talaka tsauri, domin danshin bango sai damina ta kankama yake nuna kansa, dillalai kuma sun fi son nuna gida da rani.

Shi ya sa dubawa ba tsegumi ba ce. Ka buɗe famfo a hawa na sama da tsakar rana ka ga ko ruwa na kaiwa. In bango ɗaya kaɗai aka yi wa sabon fenti, ka tambayi dalili. Ka tafi da magini wanda ba na mai gidan ba, ka nemi sandik, wato mai kula da benen a madadin masu sassan, ya nuna maka ƙa'idojin benen da bashin gyara da ke kan sashen.

Kuma komai amanar da ke tsakaninku, takardar gaban jauro ko lawan ba ta mayar da mallaka. Bisa dokar ƙasa ta 6 ga Yuli 1974, cinikin gida ko fili da bai bi ta hannun notere ba, wato jami'in da doka ta ba ikon rubuta takardun ciniki, ba shi da inganci a Kamaru.